Madubin Babur a Ajin Yaya

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, amma har yau in ina tafiya na ji ƙarar keken ɗinki na ƙafa tana fitowa daga wani lungu, sai in tarar na rage sauri ina kasa kunne. So nake in ji ko ƙafar mai takawar ta zauna. Ita ta bar mini wannan hali. Takan ce ba a hannu ake gane tela ba, a ƙafa ne, kuma ba sai ka shiga shagonsa ba. Daga bakin titi kunnenka zai faɗa maka ko ka ba shi yadinka ko ka ƙara gaba.

Shekara goma sha ɗaya ta ba ni. Da mahaifiyarmu ta rasu ita ta goya ni, shi ya sa ko bayan furfura ta gama cin kaina ba ta taɓa kirana da komai ba sai Auta, ni kuma bakina bai taɓa iya ɗaukar sunanta ba. Yaya ce, shi ke nan. Doguwa ce mai faɗin kafaɗa, da tef rataye a wuya kamar da shi aka haife ta, da guntun alli maƙale a gefen ɗankwali. Duk wanda ta dafa sai ya koma gida da farin tambari a kafaɗa.

Ba a koya mata ɗinki ba, sata ta yi. Mijinta ya rasu ya bar ta da jaririya 'yar wata bakwai, sai ta samu aikin guga a shagon wani tela mai rowar sani, wanda in zai sa zare a keke sai ya juya mata baya. In zai fita cin abinci da rana yakan cire allura ya soke a hularsa ya tafi da ita. Yaya sai ta hau keken haka nan, babu allura babu zare, ta yi ta takawa da 'yarta a baya. A nan ta gano abin da ta rayu a kansa. In ƙafarta ta yi gardama, keken ya riƙa fizga yana komawa baya, sai yarinyar ta tsala kuka. In takun ya daidaita, kafin a jima sai ta ji kan yarinyar ya yi nauyi a tsakanin kafaɗunta. Wata shida tana ɗinka iska. Ranar da telan ya manta da allurarsa, ya dawo ya tarar an kalmashe masa zannuwa uku.

Ta kusa sittin lokacin da wata ƙungiya ta shigo unguwarmu da maganar koyar da sana'a. Unguwa ce a cikin kwari, bayan kasuwar katako, inda gidaje ke jingine da juna kamar gajiyayyun matafiya, rabi bulo rabi kwano, ga kwata guda ta ratsa tsakiya, kowa ya san inda ake tsallake ta. Ƙungiyar ta kama wani tsohon sito na siminti, ta share, ta fasa tagogi biyu a bangon baya, ta jera kekuna goma sha biyu. Aka ce don mata ne masu ƙananan shekaru da ke da goyo, irin masu wanke-wanke a rumfunan abinci da masu tallan ruwa da masu tsintar roba a juji. Wata takwas za a yi, wadda ta kai ƙarshe ta tafi gida da keke. Da aka nemi malama, unguwa duka ta nuna ƙofar Yaya.

Ni a lokacin na ajiye aiki, ina zaune a wani ɗaki da ke manne da siton. Rana ta uku ta leƙo ta tagata.

"Auta, zaman me kake yi? Yaran nan ba su san bakwai daga ɗaya ba a jikin tef. Tashi ka zo ka yi amfani."

Haka na samu awa guda kullum bayan azahar ina koya musu lamba da baƙi. Da yake Inna suke ce mata, ni sai na zama Kawu.

A jikin ƙofar siton, daga ciki, ƙungiya ta manna takarda: ba a shiga aji da yara. Ba mugunta ba ce, akwai almakashi akwai allura. Amma mai goyon wata uku wa za ta bar wa? Kafin sati biyu ya cika, kekuna bakwai sun zauna babu kowa a kansu. Yaya ta tsaya gaban takardar ta daɗe tana kallo, duk da ba karatu ta iya ba. Washegari ta zo da kalandar wani shagon magani da ƙusa ɗaya, ta rataye a kai.

Na ce, "Yaya, dokar mutane ce fa."

"Ka ga na cire? Tana nan. Kwanan wata nake son gani."

Ta bi su gida gida ta ce su dawo da 'ya'yansu. Ta sa aka kafa wa almakasai ƙusoshi can sama inda hannun mai rarrafe ba ya kaiwa, ta shimfiɗa tabarma a kusurwa, ta kafa dokarta ita ma: sati biyu na farko babu mai ganin allura. Kowa ta goya ɗanta ta hau keke ta taka.

"Ni ba ni ce mai jarrabawa ba," in ji ta. "Ga alƙalanku nan a bayanku. Wadda ɗanta ya yi barci ta ci. Wadda nata ya yi kuka ta sake lale."

Akwai wata mai suna Rediyo a bakin 'yan ajin, saboda tun da ta shigo ba a taɓa jin an kashe ta ba. Ta ce, "Inna, ni nawa alƙalin cin hanci yake so. Sai an ba shi nono yake yanke hukunci."

"Ba shi, ki dawo. Ƙafarki kamar mai kashe kyankyaso."

Ina ma a ce zan iya mayar da ku cikin ɗakin nan da hantsi. Ƙanshin man keke da na sabon yadi da na jarirai sun gauraye sun zama wani ƙamshi guda da ban sake jin irinsa ba. Haske na shigowa ta tagogin baya ya kwanta a kan ƙeyoyin yara goma sha biyu. Da farko ƙarar kekunan kamar faɗan kaji take. A hankali, kwana bayan kwana, sai ta haɗe ta koma kamar yayyafi a kan kwano, kawunan nan ƙanana su riƙa langaɓewa ɗaya bayan ɗaya. Yaya tana yawo a tsakani, hannu a baya, ido a lumshe, tana duba aiki da kunne.

Wadda ta fara cin wannan jarrabawa wata siririya ce da ba ta wuce sha tara ba, mai zama a keken ƙarshe, bayanta ga taga. Daga juji ta zo, inda take tsintar robobin ruwa tana kai wa masu awo. Mijinta ɗan dako ne a kasuwar katako. Ɗanta ɗan wata huɗu, ƙato, kumatu kamar an hura, Yaya ta sa masa Tulu. Kwana uku kacal ƙafar yarinyar nan ta zauna. Yaya ta ce mini tun da take ba ta taɓa jin taku mai daɗin nata ba.

Sai aka sa allura da zare, abu ya lalace.

Takan fara lafiya lau, ɗinki ya miƙe kamar an ja da rula. Ba za ta yi taƙi biyu ba sai ta tsaya cak, ta kai hannu baya, ta ɗan jima, sannan ta ci gaba. Shi kuwa keken ƙafa ba ya son a tsayar da shi ba shiri. Ƙafar keken sai ta ɗan koma baya, zare ya cukurkuɗe a ƙasa, ya bar ƙulli. In ka juya ɗinkinta sai ka ga ƙulli bayan ƙulli kamar an shuka. Rediyo ce ta raɗa mata suna.

"Birki, a riƙa ba da hannu kafin a tsaya mana, akwai motoci a baya."

Wata ta ƙara da cewa, "Wannan in ka ba ta wandon ɗanka, sai dai jikanka ya sa."

Ita sai ta sunkuyar da kai ta ɗauki reza ta fara farkewa.

Abin da ya sa wannan ya wuce wasa shi ne, a ƙarshen wata na huɗu jami'ar ƙungiya za ta zo ta yi gwaji. Kowa za ta ɗinka rigar makaranta ta yaro cikin awa ɗaya da rabi. Wadda ta ci ta ci gaba har ta kai ga keke. Wadda ta faɗi ta tashi ta ba wata kujera, don mata fiye da talatin ne ke jira. Birki ta san inda za ta koma in ta tashi, kuma ta san da wanda za ta koma can a bayanta.

Yaya ba waliyyiya ba ce, kuma a nan ta yi kuskure. Ta ɗauka tsoron allura ne, ta yi lallashi. Da bai yi ba ta ɗauka shiririta ce, ta koma faɗa. Na ji ta da kunnena tana cewa, "Ke wai ƙaiƙayi ne a bayanki? In wanka ne ba kya yi ki faɗa mini in saya miki sabulu." Aji ya kwashe da dariya. Birki ta farke ɗinki ɗaya sau biyar a ranar, har ƙyallen ya yi laushi kamar tsumma.

Da la'asar Yaya ta zo da ƙyallen nan ƙofar ɗakina, ta zauna a kan benci ta miƙe ƙafafu, don gwiwoyinta sun daɗe da fara yi mata tsiya. Ta juya shi ta baya ta shimfiɗa a cinya. Ramukan allura suna nan, da gurbin kowane ƙulli. Ta ciro tef ta auna tsakanin na farko da na biyu, ta auna na biyu da na uku.

"Auta, kai da ka yi boko, karanta mini wannan."

"Ni baƙi na sani, Yaya, ban san zare ba."

"Mai tsoron allura a kwana take tsayawa. Mai shiririta ko'ina ta ga dama. Wannan kuwa dubi, duk tsayinsu ɗaya. Ba tsayawa take yi ba, wani abu take ƙirgawa."

Washegari ba ta yi yawo a aji ba. Ta ja kujera ta zauna a bayan Birki kamar mai hutawa. Abin da ta gani shi ne, muddin Tulu yana motsi, yana ƙananan koke-koke, yana jan ɗankwalin uwarsa, ɗinki tafiya yake babu tangarɗa. Da zarar takun nan mai daɗi ya yi aikinsa, yaro ya yi lamo, sai kafaɗun uwar su ɗaure. Ta ɗan daure, ta ɗan daure, sai ƙafa ta tsaya, hannu ya tafi baya ya lalubi hancin yaron.

Da aka tashi ta ce mata ta dakata. Ina goge allo, shi ya sa na ji.

"'Yar nan, wannan ne na fari?"

"Na biyu ne, Inna."

"Na farin fa?"

Birki ta daɗe tana murza bakin zaninta.

"Mace ce. Watanta biyar. Ta kwana da zazzaɓi, na goya ta na tafi juji, don in ban fita ba ba za a ɗora tukunya ba. Tun safe take kuka. Can da rana ta yi shiru, na ce alhamdu lillahi ta samu barci. Har tafiya na riƙa yi a hankali don kar in tashe ta. Buhuna ya cika ranar. Sai da na zo gida na kwance zani."

Yaya ba ta yi mata wa'azi ba, ba ta ce ta yi haƙuri ba. Ta miƙa hannu ta gyara wa Tulu hula, ta ce, "Je ki gida, sai da safe." Bayan ta fita Yaya ta zauna a kan keken yarinyar, ta dafa shi da hannu biyu.

"Auta, wata biyu ina ce wa yarinyar nan in bayanki ya yi shiru kin ci jarrabawa."

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake, kuma ba a hana shi da baki. Yaya ta san haka, sai ta shiga neman dabara. Aka gwada ɗaure yaron a gaba, ya tokare teburin keke. Aka kwantar da shi a tabarma, sai Birki ta riƙa waiwaye, ɗinki ya karkace, saura kaɗan allura ta huda mata yatsa. Aka ba wata ta riƙe shi a gabanta, amma kowa da nata goyon da nata aikin. Saura sati uku gwaji.

Daura da siton akwai rumfar wani bakanike mai gyaran babura. Wata rana Yaya na tsaye a ƙofa tana shan iska, sai wani ya tayar da babur ɗinsa daga rumfar. Kafin ya hau titi bai waiwaya ba, ido kawai ya ɗan jefa gefe, ya wuce. Yaya ta bi shi da kallo har ya ɓace. Sai ta tsallaka kwata.

"Ɗan nan, madubin mataccen babur ɗin can, ciro mini shi."

"Inna, babur za ki fara hawa? Ki faɗa da wuri in gargaɗi mutanen unguwa."

"In na hau, ta kanka zan fara bi. Ciro, ka taho da sifana."

Ya shigo aji yana goge hannu a wando, mata suna ta yi masa tsiya wai ango ya zo zaɓe. Ya huda gefen teburin keken Birki ta hagu, ya zura ƙarfen madubin, ya ɗaure da noti. Yaya ta sa ta sassauta goyon ta ɗan karkatar da yaron, yadda kansa zai leƙo ta gefen kafaɗarta. Bakanike ya riƙa lanƙwasa wuyan madubin.

"Kin gan shi?"

"Kunnensa kawai."

"Yanzu fa?"

Idonta ya tsaya a kan madubin. Muka leƙa. A cikin ɗan gilashin nan mai tsaga a gefe ga fuskar Tulu cif, baki a buɗe, leɓen ƙasa yana rawa da kowane numfashi, wani ɗan kumfan yawu yana tashi yana faɗawa.

Yaya ta ce, "Taka."

Ta taka. Ido a kan allura, sai ta ɗan jefa shi hagu ta dawo da shi, kamar mai babur. Ta wuce taƙi biyu, ta wuce huɗu. Ɗakin ya yi tsit, sauran kekunan duk sun tsaya, nata kaɗai ke magana. Ta kai ƙarshen ƙyalle ta yanke zare, ta juya bayansa da kanta. Babu ƙulli ko ɗaya.

Rediyo ta ce, "To, birki ya tsinke. Kowa ya kauce."

A ranar na fara jin dariyar yarinyar nan. Kafin sati ya zagayo kowa ta ce ita ma sai an sa mata, bakanike ya bi abokan sana'arsa ya tattaro madubai, wani zagayayye wani mai kusurwa, babu biyu masu kama da juna. Rediyo dai girarta take dubawa a nata, ba ta ɓoye ba.

Ranar gwaji jami'ar ta iso da ƙarfe tara, matashiya ce mai fara'a, da fayil a hammata. Ta gaida Yaya har da rusunawa. Ta dubi madubai ta yi murmushi, ta dubi goyo goma sha biyu murmushin ya ragu. Ta je bayan ƙofa ta ɗaga kalanda.

"Inna, na san da wuya. Sauran ranaku ban gani ba, ban kuma tambaya ba. Amma yau ni zan sa hannu a takarda cewa an bi ƙa'ida, kuma in wani abu ya sami yaro a nan rufe wurin za a yi gaba ɗaya. Awa ɗaya da rabi ne kawai. A fitar da su."

Gaskiyarta ce, Yaya ma ba ta yi musu ba. Maƙwabta suka taru a inuwar rumfar bakanike, aka riƙa miƙa musu yara. Kowa ta kwance ta bayar ta dawo kujerarta. Birki kaɗai ta rage a tsaye, hannu biyu a kan ƙullin zaninta. Rumfar tana ta gaban siton ne, daga kujerarta ko inuwar yaron ba za ta gani ba. Na ga ta sunkuya ta ɗauki 'yar jakarta ta leda, ta sa tef ɗinta a ciki.

Yaya ta tare ta.

"Ina zuwa?"

"Inna, ba zan iya ba. Gara in tafi da ƙafata."

"Kawo shi nan. Zauna. Kar ki taɓa madubin sai na ce."

Ta karɓi Tulu ta saɓa a kafaɗa ta fita. Maimakon ta nufi rumfa sai ta zagaya bayan siton, na bi ta. Wurin ɗan siririn lungu ne tsakanin bango da kwata, babu inuwa ko ta tsuntsu, tagar kuma ta wuce kafaɗarta. Ta nuna mini wani bulo da ƙafa.

"Jawo shi nan. Riƙe ni in hau."

"Yaya, gwiwarki."

"Gwiwar taka ce?"

Ta hau, ta juya yaron yadda fuskarsa za ta cika tagar da ke bayan Birki. Sannan ta ɗaga murya.

"'Yata mai fayil, yaro yana waje ko?"

Jami'ar ta dubi taga. "Yana waje, Inna."

"To madalla. Ke kuma gyara madubinki."

Ta cikin taga na hango Birki ta kama wuyan madubin ta ɗaga shi sama kaɗan, ta ƙara kaɗan. Sai kafaɗunta suka sauka. Jami'a ta dubi agogo ta ce a fara.

Awa ɗaya da rabi ba komai ba ce a bakin mai faɗa. A kan bulo guda, da ƙaton yaro a kafaɗa, rana tana dukan ƙeya, ga warin kwata, wata aba ce daban. Ba a yi minti ashirin ba Tulu ya yi barci, don ƙarar kekunan ta saba yi masa waƙa. Yaya ta san abin da barcin nan zai iya jawowa. Sai ta riƙa hura masa iska a kunne jifa-jifa, a hankali, yadda ba zai farka ba amma zai yamutsa hanci ya motsa baki. Gumi ya jiƙa mata ɗankwali har allin ya narke ya gangaro mata a kunci. Na ga ƙafarta ta hagu tana karkarwa.

"Kawo shi in karɓe ki."

"In fuska ta canza a madubin nan za ta taka birki. Tsaya dai ka tokare ni."

Na sa kafaɗata a bayanta. Ni da ta goya, ranar na ɗan rama kaɗan. Can sai ta karkata kai, ido a lumshe.

"Ka ji ta?"

"Kekuna goma sha biyu nake ji, Yaya."

"Kunnenka na ado ne. Ga ta can a ƙasa, kamar agogo. Ba ta tsaya ba."

Da aka ce lokaci ya cika, sai da ni da bakanike muka haɗu muka sauko da ita, don gwiwoyin sun ƙi lanƙwasuwa. Muka zaunar da ita a kan bulon. Daga nan nake leƙen abin da ake yi a ciki. Jami'a tana bi keke keke, tana juya kowace riga ta baya. Da ta zo kan ta Birki ta bi ɗinkin da yatsa daga wuya har ƙasa, ta ja hannun rigar, ta sake bi.

"Wa ya koya miki taku?"

"Ɗana ne, Anti."

"Wannan madubin fa, na mene ne?"

Kafin ta amsa Rediyo ta cafe. "Na ganin masu son su wuce mu ne, Anti."

Jami'ar ta yi dariya, ta leƙo ta taga ta ga tsohuwa zaune a bakin kwata da yaro a cinya, ta daɗe tana kallonta, sannan ta koma ta yi rubutu a fayil. Goma suka ci a ranar, Birki a cikinsu. Yaya ta yi kwana uku ba ta taka ƙasa ba. Da na ce mata ai ga irinta nan, sai ta ce in rufe mata baki in miƙo man zafi. Da aka zo ɗaukar aji na gaba, sabuwar takardar da ƙungiya ta aiko ba ta hana shiga da goyo ba, ta dai ce a rataye almakasai a sama.

Shekara bakwai Yaya ta yi a siton nan kafin ƙafa ta zaunar da ita. Yanzu wurin ya koma ma'ajiyar lemon kwalba, an toshe tagogin baya da bulo. Bakanike ya tashi, kwatar ce kawai ba ta canza ba.

Birki kuwa tana da shago a bakin tasha, kekuna biyar, huɗu na yaran da take koya wa, dukansu da goyo, dukansu da madubi. Sunan ya bi ta, har masu kawo ɗinki da shi suke kiranta, ba su san mafarinsa ba. Kwanan baya na kai mata rigata da aljihu ya yage. Ta yi ƙiba, ta fara sa tabarau. Tulu, in ji ta, ya fi ƙofar shagon tsawo, yana koyon aikin lantarki. Ta karɓi rigar tana yi mini faɗa wai na cika cusa littafi a aljihu, ta hau kekenta na da, wanda ta fito da shi daga sito. Madubin nan mai tsaga yana nan a hagu, bayansa ya fara cin tsatsa. Na lura ta ajiye keken ne yadda bayanta ke ga taga.

Na ce, "Yanzu da babu kowa a bayanki, me kike dubawa a ciki?"

"Sabo ne, Kawu."

Ta sa rigar a ƙarƙashin allura ta taka. Ina tsaye ina sauraron takun nan da Yaya ta ce ba ta taɓa jin irinsa ba. Sau biyu na ga idonta ya tafi hagu ya dawo. A cikin gilashin babu komai sai taga da hasken rana, ƙafarta kuma ba ta tsaya ba har ta kai ƙarshen aljihun.